Saurayin Tafashiya Ya San Legas, Bai San Maraɗi Ba

Bayan kaka, idan an ɗaure gero an kai rumbu, majalisar ƙofar masallaci a Tafashiya takan cika da zarar an sallame la'asar. A irin wannan yammaci ne ɗan acaɓa ya sauke wani saurayi da ya ɗauko daga Kankiya. Babu akwati, babu buhu, babu kwalin tsaraba. Jakar goyo ce kawai a bayansa, ta yi jawur da ƙura, an ɗaura mata butar roba a gefe. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida dattawa.

"Maraba da mutanen nesa. Ɗana, daga ina haka?"

"Baba, ta Maraɗi na shiga, na wuce Yamai, na gangara Benin da Togo har Gana, sannan na biyo ta Legas na dawo."

"Masha Allah. To me aka kai, me aka samo?"

"Ban kai komai ba, Baba. Gani na je yi."

Majalisa ta yi tsit. Can sai kawunsa ya gyara zama ya ce, "Gani? Kai yaro, kuɗin gyaɗarka ka kwashe ka rarraba wa direbobi don ka je gani? Da tumaki ka saya ka ɗaure, ai da babbar salla ka ga amfaninsu." Wani daga gefe ya ce, "Yawon banza dai. Allah ya shirya."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, har aka kira magariba babu wanda ya tambaye shi abin da ya gani. Yaro ya keta ƙasashe huɗu da kuɗin guminsa, bai roƙi kowa ba, bai ci bashi ba, ya dawo lafiya, amma faɗa ya tarar. Ni a ganina makaranta ya je, irin wadda kakanninmu suka yi, kuma mu da muka rufe ta muka sa mata suna yawon banza, mu ya kamata mu sake lale.

1. Tafiyar da muka yarda da ita

A ƙasarmu ba a hana saurayi fita. Da an kau da amfanin gona, motocin da ke bin titin Katsina zuwa Kano sai su shiga kwasar matasan Kankiya da Kusada zuwa cirani. Wasu Abuja, wasu Fatakwal, wasu Legas, a yi dako, a yi ga-ruwa, a yi acaɓa, a yi gadi. Wannan kowa ya yarda da shi, saboda ana sa ran kuɗin taki da na aure. An yarda da Hajji da Umara, an yarda da zuwa asibiti da biki da gaisuwar mutuwa. Wanda Allah ya hore wa ya hau jirgi ya tafi Dubai ya dawo da hotuna, shi ma sannu da zuwa ake yi masa. Talaka ne kaɗai idan ya saɓa jaka ya ce zai je ya ga yadda maƙwabta ke zaune, sai a hau yi masa addu'ar shiriya.

Ga abin da wannan ya haifar. Daga Kankiya zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, ga baƙon harshe, ga baƙon abinci, amma akwai samari a Tafashiya da suka san Agege da Idi-Araba kamar yunwar cikinsu. Daga Kankiya zuwa Maraɗi kuwa bai kai kilomita 200 ba. Mutum zai yi kari a gida ya yi azahar a can. Harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, kuma har gobe sarkin garin Sarkin Katsina ake kiransa, tun da gidan sarautar da jihadi ya fitar daga birnin Katsina a 1807 ne ya je ya kafu a can. Duk da haka yawancin samarin nan ba su taɓa leƙa shi ba. Labarinsa a rediyo suke ji.

Na san abin da iyaye ke gudu. Kowane gari yana da labarin yaron da ya shiga duniya, uwarsa ta tsufa tana duban hanya. Shi ya sa suke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma wanda ya fita da fushi, ba sallama, ba ranar dawowa, daban yake da wanda ya nemi izini, ya tara guzuri, ya faɗi hanyar da zai bi da watan da zai komo. Mu ne muka yi musu kuɗin goro.

2. Jikokin fatake ne mu

Wanda ke ganin ratsa ƙasashe da ɗan guzuri al'adar Turawa ce, ya koma ya tambayi tsofaffi labarin Gwanja.

A ƙarni na 19, da an gama kaka ayari kan tashi daga ƙasar Kano da Katsina. Jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa, da baƙin rawani da turkuɗi, da fatu, da gabu. Madugu ne shugaban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu kan abin da za a biya. A ƙetare Kwara a biya kuɗin fito, a shiga ƙasar Bargu, a bi ta Nikki da Jugu waɗanda yau suke cikin Benin, har a isa Salaga a arewacin Gana ta yau. A can a sayar, a sayi goro, a naɗe shi cikin ganye, a juyo gida ana kwancewa a zango ana tsince wanda ya fara lalacewa ana yayyafa wa saura ruwa. Zuwa da dawowa yakan ci watanni masu yawa, wani lokaci ya kusa shekara. Ba zan ɓoye cewa Salaga kasuwar bayi ce kuma a wancan zamani ba, kuma da hannun mutanenmu a wannan mugun ciniki. Amma hanyar da suka sani, da zangunan da suka kafa, suna nan. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, Hausawanta suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da Akra. Malam Umaru, haifaffen Kano, malami kuma marubuci, a Kete-Karachi ya zauna har ya rasu a 1934.

Masu neman ilmi ma haka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taka har Agadas wurin malaminsa Malam Jibrilu. Kafin shi, wani Bakatsine, Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, ya bar gida ya yi Hajji ya zauna Alƙahira yana rubuce-rubuce, a can ya rasu a 1741. Talakawan da suka tafi Makka a ƙafa fa? Ta Barno da Cadi da Darfur suke bi, guzuri ya ƙare su tsaya su yi ƙodago ko noma, su tara su ƙara gaba, wasu su shekara da shekaru a hanya. Jikokinsu na nan birjik a Sudan, har da garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Addinin da muke bi bai ɗauki matafiyi a matsayin ɗan iska ba. Ya rage masa salla, ya ba shi rangwamen azumi, kuma ya sa wanda guzuri ya yanke wa a hanya cikin mutum takwas da ake bai wa zakka.

Za a ce ai duk waɗannan da dalili suka fita, ko ciniki, ko karatu, ko ibada. Haka ne. Amma yaron da ya fara bin ayari ba da jari yake tafiya ba. Korar jaki yake yi, yana koyon hanya, yana koyon mutane, yana gane inda kanwa ke tsada da inda goro ke araha. Sanin hanya ne ke zuwa da fari, ciniki ya biyo baya. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana saurayi ya kama hanyar Gwanja har ya kai Akra inda mahaifiyarsa take zaune. Abin da ya gani a bakin teku shi ya nuna masa cewa ana iya ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas maimakon a wahalar da jakuna. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

3. Jarin da ke hannunmu

Samarin Turai sukan zo Afirka ta Yamma da jaka a baya su yi watanni suna zagaye. A yawancin ƙasashe sai sun biya kuɗin biza, sai sun nemi tafinta, sai sun kama ɗakin otal, kuma duk abin da za su saya sai an ninka musu. Bahaushe bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli yadda suke da su, amma shi ne ya zauna.

Ɗauki harshe. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Ƙonni zuwa Dogon Dutse, Hausa ce abin magana a gida da kasuwa. A Yamai, inda Zabarmanci ke da ƙarfi, da wuya ka shiga kasuwar Katako ka rasa mai amsa maka. A 2025 ma gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ka sauka Kwatano ko Lome ka ce a kai ka Zongo, za ka ji ana sallama da harshen uwarka. A Akra akwai Nima da Sabon Zongo, a Kumasi akwai babban zango mai masallatai da makarantun allo. Babban limamin ƙasar Gana, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, jinin Hausawa ne. Mai tsire da mai shayi da mai yankan farce da za ka tarar a bakin tasha a waɗannan birane, ka gaishe shi da Hausa ka ga yadda fuskarsa za ta washe.

Ɗauki masauki. A da fatoma ne ke saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu masu saye. Yau sarkin zango da limamin unguwa da shugabannin 'yan kasuwa sun gaji wani abu na wannan aiki. Baƙon da ya zo da ladabi, ya nuna takardunsa, ya faɗi garinsu da sunan mai garinsu, ba a cika barinsa ya kwana a titi ba. Ko zaure, ko shagon wani, ko ɗakin almajirai, za a samu. A nan dole in ja kunne: wannan alheri ne, ba haƙƙi ba. Baƙo raɓa ne. Wanda ya mayar da gidan mutane otal ɗin kyauta, ya miƙe ƙafa yana jiran a kawo masa kwano, ya toshe ƙofa ga duk Bakatsinen da zai zo bayansa.

Sai doka. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975, kuma a 1979 shugabanninta suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta bai wa ɗan kowace ƙasa a cikinta damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Ɗan Tafashiya mai fasfo yana da wannan dama a Benin da Togo da Gana da Senegal da sauransu. Akwai masu amfani da ita tuntuni ba su ce wa kowa suna yawon buɗe ido ba. 'Yan ɗariƙar Tijjaniyya daga Kano da Katsina da Zariya sun daɗe suna cika motoci zuwa Maulidi a Kaulaha ta Senegal, garin Shehu Ibrahim Inyass, su yi kwanaki a hanya suna ratsa ƙasa bayan ƙasa da buhun garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Tsofaffin matanmu ma sukan haɗa ayarinsu su tsallaka iyaka zuwa suna ko biki, su dawo da cuku da dabino. Ba sabon abu nake kira a yi ba.

4. Abin da sai ido ya gani

To me za a gano? Bari in tsaya kan abu ɗaya da ya shafi kowane gida a Tafashiya, wato gona.

Idan ka bar Maraɗi ka miƙi titin gabas ta Agye da Gazawa da Tasawa, ka dubi gonakin da ke gefen hanya. Ƙasar ta fi tamu rairayi, ruwan samansu bai kai namu ba, amma gonakin cike suke da itatuwa, gawo da kalgo da sabara da aduwa, a warwatse cikin gero. Ba dasa su aka yi ba. Manomi ne idan ya zo sharar gona, maimakon ya sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture ya cinna masa wuta, sai ya tsuguna ya zaɓi 'yan rassa biyu ko uku mafiya ƙarfi ya bar su, ya datse saura, ya share musu ƙananan rassan ƙasa don su miƙe. Tun da saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga danshi, cikin 'yan shekaru sai toho ya zama itace. Sassaben zamani suke kiransa. Wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, shi ya fara yaɗa dabarar tare da manoman yankin Maraɗi a 1983, yunwar 1984 ta sa mutane suka saurare shi, daga nan manomi ya riƙa koya wa manomi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kadada kusan miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, itatuwa wajen miliyan 200. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: da damina ya zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, ƙarƙashinsa kuma nan ne zangarniya ta fi girma. Mata sun huta da doguwar tafiyar neman itace, iska ta daina binne shuka da yashi.

Mu fa? Kullum kukanmu tsadar taki da gajiyar ƙasa, ga masu gawayi sun bi dazuzzuka sun share. Malamin gona zai yi shekara yana bayani a rediyo ba a ɗauka ba. Amma saurayin da ya tsaya a gonar wani dattijo a Agye, ya ga damman da aka ɗaure a ƙasar da ta fi tasu talauci, ya riƙe addar da hannunsa aka nuna masa reshen da ake bari da wanda ake cirewa, wannan ba ya bukatar a roƙe shi. Gani ya kori ji. Kuɗin motar da ya kashe, gonar ubansa za ta biya shi.

Akwai sauran darussa a hanya ga mai ido. Albasar Galmi, tsakanin Madawa da Ƙonni, wadda ake lodinta har Akra da Abijan, da irin rumbunan da suke adana ta. Jar akuyar Maraɗi da fatarta ta yi suna a duniya. Ramukan rabin wata da manoman Tawa ke haƙawa a faƙo don tare ruwan sama. Kokawar takobi da Nijar ke shiryawa tun 1975, yadda wasan da mu muka bari a dandalin ƙauye ya zama abin da ƙasa guda ke tsayawa ta kalla. A Damagaram, wadda ita ce hedikwatar Nijar kafin Faransawa su mayar da ita Yamai a 1926, akwai unguwar Birni da fadar Sarki da gidajen ƙasa masu zane a fuska, ginin da mu muke rushewa mu sa bulo.

Akwai kuma darasin da ba a gona yake ba. Wanda ya taɓa zama baƙo, ya tsaya gaban jami'i yana jin ana magana da Faransanci a kansa bai san me ake cewa ba, ya ji yunwa a garin da bai san kowa ba har wani wanda ba addininsu ɗaya ba ya miƙo masa abinci a mota tsakanin Lome da Akra, wannan idan ya dawo gida ba ya wulaƙanta Buzu mai gadi ko Bayarabe mai shago. Ƙasarmu na bukatar irin waɗannan samari fiye da yadda muke zato.

5. Masu tsoro suna da tasu gaskiyar

Ba zan yaudari kowa ba, zamanin ya yi wuya. Mutanen Katsina ba sa bukatar a ba su labarin 'yan bindiga, kuma ƙauyukan da ke bakin iyaka ta wajen Jibiya da Madarunfa sun sha wuya ta ɓangarorin biyu. Yankin Tillaberi a yammacin Nijar, da manyan sassan Burkina Faso da Mali, da dazuzzukan arewacin Benin, wurare ne da masu ɗauke da makamai ke kai hari. Wanda ya ce zai bi su don ya nuna jarumta, ba matafiyi ba ne, mai ganganci ne. Tsohuwar hanyar Kaulaha ta mota ba ta zama kamar da ba. Mai son ganin Gana a yau, hanyar bakin teku ta fi masa: Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Akra.

Iyakoki ma sun zama abin buɗewa da rufewa. Nijeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 aka sake rufe tsakaninmu da Nijar, sai a Maris 2024 aka buɗe. Gadar Gaya zuwa Malanbil, a iyakar Nijar da Benin, ta daɗe a rufe, mutane suka koma tsallaka Kwara a kwalekwale. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, kuma a wannan watan Nijar ta fitar da sabuwar doka mai tsauri kan shiga da zaman baƙi. Zamanin tsallakawa da "ai ɗan gida ne" ya wuce. Ga darajar Naira da ta zube tun 2023, alhali Sefa, kuɗin Nijar, tana ɗaure da kuɗin Turai, abin da ya sa kwanon shinkafa a Yamai ya fi ƙarfin aljihun da a da yake ganinsa araha.

Sai babban abin tsoro, wanda ya sa wasu iyaye da sun ji an ambaci Nijar sai gabansu ya faɗi: hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Akasarinsu mata ne da yara daga yankin Kance, Hausawa 'yan'uwanmu. Wannan ba ita ce tafiyar da nake karewa ba. Kuma ina da yaƙinin cewa yaron da aka bari ya ga maƙwabta da idonsa, ya san yadda iyaka take, ya san wahalar baƙunci, ya fi wuyar yaudara ga dillalin da zai ce masa arziki na jiransa a bayan hamada. Wanda aka kulle ne ke tsallake katanga.

6. Ba a fafe gora ranar tafiya

Wanda ya yi niyya, ya fara da iyayensa. Tafiyar da babu albarka a cikinta a bar ta. Ya zauna da su ya lissafa garuruwan da zai bi, ya bar musu lambar wayar wani a kowane zango, ya yanka watan dawowa, kuma ya dawo kafin ruwan shuka.

Sai takardu. Fasfo na ainihi daga ofishin shige da fice da ke Katsina, da katin ɗan ƙasa, da katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ake tambaya a kusan kowace iyaka. A bi ta ƙofa, a tsaya a buga hatimin fita da na shiga. Ɗan acaɓan da zai ce zai zagaya da kai ta daji don ka tsira da 'yan kuɗi, ya jefa ka cikin laifi a ƙasar da ba ka da kowa. Kada kuma ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko da mai rawani ne ya ba ka.

Kuɗi a raba su wuri biyu ko uku, a ware na komowa gida a manta da su. A yi canji kaɗan a bakin iyaka, a ƙirga a gaban ɗan canji, saura a bari sai cikin gari. A Nijar da dala ake lissafi, kowace dala Sefa 5 ce, saboda haka idan mai fura ta ce dala ashirin, ɗari take nufi, jaka ɗaya kuma dubu ce. Wanda bai san wannan ba zai yi ta rigima a banza. Manyan motocin safa na Nijar da asuba suke tashi, kuma kamfanonin sukan bar fasinja ya kwana a harabar tasha. Za ka ga an shimfiɗa tabarmi jere, kowa ya yi matashi da jakarsa, mai shayi na ta fifita wuta har kiran assalatu. Mai ƙaramin guzuri ya sayi tikiti da yamma ya kwana nan, ya huta da kuɗin ɗaki. Abinci kuwa a ci inda direbobi ke ci.

Jaka kada ta fi ƙarfin kafaɗa: kaya kala biyu ko uku, bargo mara nauyi, gidan sauro, maganin zazzaɓi, cajar waya, tocila, buta. A guji tafiyar dare. A guji ɗaukar hoton gada ko bariki ko masu kaki. A guji gardamar siyasa a ƙasar mutane, musamman yanzu da zukata ke tafasa tsakanin gwamnatoci. Mutum biyu ko uku sun fi mutum ɗaya. Kafin a bar kowane gari a tambayi direbobin tasha halin da hanyar gaba take ciki a wannan makon, domin su suka kwana a kanta. Matambayi ba ya ɓata.

Duka-duka abin da wannan ke ci, idan an tsaya kusa, bai kai abin da samarinmu ke zubawa a sabuwar waya ba.

7. A fara da kusa

Ba sai an kai Gana a karon farko ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Ga zagaye nan a ƙofar gida: Kankiya, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, sannan a juyo ta Matamaye da Kwangwalam a faɗo Daura. Mako guda ya isa, kuma babu inda za a nemi tafinta. Wanda ya iya wannan, baɗi ya gwada Benin da Togo.

Ƙungiyoyin matasa na Tafashiya da na Kusada, waɗanda ke iya haɗa kuɗin gasar ƙwallo, za su iya yin adashe su tura mutum uku kowane rani, da sharaɗin idan sun dawo su tsaya gaban mai gari da manoma su faɗi abin da suka gano, su gwada shi a gona ɗaya kowa ya gani. Malaman makarantun sakandare da ke koyar da tarihin Katsina a allo, su nemi izini su kai ɗalibai inda rabin tarihin yake.

Hukuma ma tana da nata. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita kusan 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ba ta Kankiya ya bi ba, amma tashar Katsina ba ta yi mana nisa ba. Kafin jirgin ya fara gudu, abin da ke cinye guzurin talaka shi ne yawan shingaye a ɗan tsakanin Katsina da Maraɗi, inda mai cikakkun takardu ma sai ya sauko ya yi bayani sau da yawa. Nijeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mazauninta a Yamai. 'Yan majalisarmu na Kankiya da Kusada da Ingawa su kai mata wannan kuka a rubuce, su nemi a rage shingayen, a kuma liƙa a kowace ƙofar iyaka, da Hausa, a boko da ajami, takardun da ake bukata da abin da doka ta ce a biya.